Tsakanin Hanyar Everest da Zagayen Annapurna: Wacce Ta Dace da Mutumin Kano?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni mazaunin Gwale ne a birnin Kano, shekaruna 46, ina sana'ar atamfa a Kantin Kwari. Na daɗe ina burin yin doguwar tafiyar ƙasa a tsaunukan Nepal, yanzu kuma Allah ya hore mini hali da lokaci, kwana 18 har da zuwa da dawowa. An nuna mini hanyoyi biyu, ta zuwa sansanin gindin tsaunin Everest da ta zagaye tsaunukan Annapurna. Ina da hawan jini, amma ina shan magani kuma ya daidaita. Ina tattaki kowace safiya, kuma sau biyu ina hawa Jabalun Nur a lokacin Umra ba tare da na sha wuya ba. Abokaina sun ce wadda ta fi tudu ita ta fi haɗari. Wacce za ka ba ni shawara in zaɓa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Idan na fahimce ka daidai, tambayarka ta ƙunshi abu biyu: wacce hanya ce jikin mutum mai shekara 46, mai hawan jini, wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, zai fi iya ɗauka, kuma wacce ce za ta shiga cikin kwana 18 ba tare da an yi wa jiki gaggawa ba. Zan amsa maka ne a matsayina na likita da yake duba masu shirin tafiya, wanda kuma Allah ya nufa ya taka hanyoyin biyu da ƙafarsa. Na fara da ta Annapurna, bayan wasu shekaru na bi ta Everest.

Maganar abokanka ba za ta raba gardamar ba. Sansanin gindin Everest yana kan tudun mita 5,364 daga doron teku, ita kuwa mashigar Thorong La, wadda ita ce wuri mafi bisa a zagayen Annapurna, tana kan mita 5,416. Bambancin mita 52 ne kacal, kuma jiki ba ya gane shi. Ƙari a kan haka, yawancin masu zuwa Everest sukan hau tudun Kala Patthar da ya haura mita 5,500, saboda daga cikin sansanin ba a ganin kan tsaunin yadda ya kamata. Abin da ya raba hanyoyin nan shi ne yadda kowacce take kai mutum sama, da yawan dararen da zai kwana a can, da kuma abin da zai faru ranar da jikinsa ya ce a koma baya.

Abin da tudu yake yi wa jiki

Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba. Jabalun Nur da ka hau yana wajen mita 640. Wuri mafi bisa a duk Nijeriya shi ne Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mai mita 2,419, amma garin Lukla, inda jirgi yake sauke masu zuwa Everest don su fara tafiya, yana kan mita 2,860. Wato mafarin waccan hanya ya fi ƙarshen tudun ƙasarmu. Na kawo wannan ne don ka san cewa hawan da ka yi a Makka shaida ce ta ƙarfin ƙafarka da zuciyarka, kuma abin farin ciki ne, amma bai faɗa mana komai ba game da yadda jikinka zai yi da ƙarancin iska.

Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin 100 ne a Kano da kuma a kan tsauni. Abin da yake raguwa shi ne nauyin iskar, har ta kai a tudun mita 5,400 kowane numfashi yana kawo wa huhu kusan rabin abin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana iya sabawa da wannan: numfashi yana ƙara sauri da zurfi, ƙoda tana gyara sinadaran jini don numfashin ya ɗore, daga baya kuma jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Sai dai wannan aiki na kwanaki ne, ba ya jin lallashi, kuma ƙarfin jiki ba ya gaggauta shi. A abin da na gani, matasa majiya ƙarfi sun fi dattawa shiga matsala, domin ƙafarsu tana kai su inda jininsu bai shirya zuwa ba.

Idan aka riga jiki isa sama, abu uku ne suke biyowa. Na farko shi ne ciwon tudu na yau da kullum, wato ciwon kai da tashin zuciya da rashin son abinci da kasala, kuma maganinsa shi ne a tsaya a inda ake, kada a ƙara hawa sai ya wuce. Na biyu shi ne taruwar ruwa a huhu, inda mutum yake haki ko yana zaune, da tari, wani lokaci da kumfa mai ratsin jini. Na uku shi ne kumburin ƙwaƙwalwa, inda mutum yake tangaɗi kamar wanda ya bugu, maganarsa ta rikice, barci ya rinjaye shi. Biyun ƙarshe suna kisa cikin sa'o'i, kuma babban maganinsu shi ne sauka, ko da dare ne. Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa kowa: a ja layi a ƙasa, a ce mutum ya bi shi yana haɗa diddige da yatsu. Wanda ya kasa, to ba gardama, ƙasa za a yi da shi. Ƙa'idar da likitocin tudu suka yarda da ita kuwa ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wurin kwana ake lissafawa, ba inda aka taka da rana aka sauko ba.

Tambayar da ta riga zaɓen hanya

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma shi ne zan fara tambayarka da a ce kana zaune a gabana: mene ne nau'in jininka na gado, wato genotype, AA ne ko AS (mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da cutar ba)? Littattafan tafiye-tafiyen da Turawa suka rubuta wa junansu ba su cika tsayawa a kan wannan ba, domin ba damuwarsu ba ce, amma mu tamu ce, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS. Mai AS yana iya rayuwarsa duka lafiya lau a Kano, ya yi noma, ya yi ƙwallo, ya yi aikin Hajji, bai taɓa jin komai ba. Amma idan oksijin ya ragu sosai, ga sanyi, ga ƙishirwa, ga gajiya, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin saifa, wani ɓangarenta ya mutu. Alamarsa ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, a ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci yana harbawa zuwa kafaɗa.

Na taɓa duba wani bawan Allah da ya dawo daga hawan wani tsauni a Gabashin Afirka da irin wannan ciwo. A can an ɗauka ciwon ciki ne na sauyin abinci, aka ba shi magani ya ci gaba da hawa har kwana guda, sai da ya kasa miƙewa aka sauko da shi. Ya san yana da AS tun gwajin aurensa, amma bai taɓa zaton abin yana da alaƙa da hawan dutse ba, kuma babu wanda ya tambaye shi. Allah ya yi masa gyaɗar dogo ba a kai ga cire saifar ba. Ba kowane mai AS ne wannan yake samu ba, da yawa sun hau sun sauka lafiya, amma ni ba na ba mai AS shawarar kwana a tudun da ya kusa mita 5,000 a wurin da asibitin tiyata yake da nisa. Mai cutar sikila kuwa, wato SS ko SC, babu maganar ɗaya daga cikin hanyoyin nan a gare shi. Saboda haka duk abin da zan faɗa daga nan na gina shi ne a kan cewa gwaji ya nuna kai AA ne.

Hanyar Everest

Wannan hanya ce ta zuwa da dawowa a kan sawu ɗaya, kimanin kilomita 130 gaba ɗaya, kuma tsarin da aka saba shi ne kwana 12 har da ranar tashi zuwa Lukla da ranar dawowa daga can. Ana farawa da ƙaramin jirgi zuwa filin da titinsa bai wuce mita 527 ba, a jikin gangara, gaba dutse baya kwazazzabo. Jiragen ba sa tashi sai sararin sama ya washe, don haka ba baƙon abu ba ne a yi kwana biyu ko uku ana jiran hazo ya yaye. A lokutan cunkoso ma ba daga Katmandu, babban birnin ƙasar, ake tashi ba, sai an yi tafiyar sa'o'i huɗu zuwa biyar a mota cikin dare zuwa filin Ramechhap.

A rana ta biyu ake hawa zuwa Namche, garin kasuwar ƙabilar Sherpa, mai mita 3,440. Ba zan manta wannan hawan ba. Ana tsallaka wata doguwar gadar waya mai lilo, kogi yana ruri can ƙasa, sannan hanya ta miƙe sama cikin itatuwa har kusan mita 600 ba sassauci. A tsakiyar hawan ne, ta wata 'yar kafa tsakanin rassa, ɗan jagoranmu ya nuna mini wani baƙin ƙoƙo da farin hayaƙin ƙanƙara yake tashi daga kansa, ya ce ga Everest. Na yi tasbihi, na kuma tuna da maganar mutanen garinmu cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin saura kwana shida a lokacin. Daga Namche sai Tengboche mai babban wurin ibadar mabiya addinin Buda, sai Dingboche a mita 4,410 inda ake kwana biyu, sai Lobuche da ya haura 4,900, sai Gorak Shep a mita 5,164, masauki na ƙarshe.

Ka lura da wannan jerin, domin a nan nauyin hanyar yake. Idan aka haɗa da daren da ake yi a Pheriche a kan hanyar dawowa, mutum zai yi dare biyar a sama da mita 4,000, ɗaya daga ciki a sama da 5,000. A Gorak Shep na auna oksijin ɗin jinina da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, na ga adadin da in a asibiti na gan shi a jikin majinyaci zan sa a kawo tukunyar iska da gudu. Daren nan barci ya gagara: da na fara gyangyaɗi sai numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, in farka a firgice ina jan iska, ruwan da ke cikin gorata kuma ya daskare a gefen gado. Ga mai hawan jini, jerin darare irin waɗannan abin dubawa ne, domin jini yakan ƙara hawa a tudu, rashin barci kuma yana ƙara masa.

Amma hanyar tana da wata falala babba. Tunda ta inda aka je ake dawowa, duk ranar da jiki ya ƙi, mutum zai iya juyawa, ko ya zauna a masauki ya jira 'yan'uwan tafiyarsa su je su dawo su same shi. Babu wata ƙofa da dole sai an wuce ta. A Pheriche akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya da likitocin sa-kai suke zama a lokutan tafiya, kuma jirage masu saukar ungulu suna zirga-zirga a kwarin kullum idan yanayi ya yi kyau. Babu titin mota a saman kwarin, sai mutane da alfadarai da shanun tudu masu dogon gashi da ake kira yak. Ga kuma kwarjinin suna: wannan ita ce hanyar da ayarin Edmund Hillary da Tenzing Norgay ya bi ta kwarinta kafin su biyun su kai ƙololuwa ranar 29 ga Mayu, 1953.

Zagayen Annapurna

Wannan kuwa da'ira ce. Ana shiga ta kwarin kogin Marsyangdi daga gabas, a haura mashigar Thorong La, a gangaro ta kwarin Kali Gandaki a yamma. An buɗe ta ga baƙi a 1977, kuma cikakkenta yana tsakanin kilomita 160 da 230, gwargwadon inda mutum ya fara da inda ya tsaya. Ba a buƙatar jirgi: mota ake shiga daga Katmandu zuwa Besisahar, garin da bai kai mita 1,000 ba, don haka jiki yana samun hawa a hankali daga ƙasa. A ganina ta fi ta Everest yawan abin kallo. Ana farawa cikin gonakin shinkafa da ayaba da zafi kamar na damina a kudancin Kaduna, a shiga dajin itatuwa masu tsini, sannan a fito wata busasshiyar ƙasa a yankin Manang, mai gidajen dutse masu shimfiɗaɗɗen rufi da aka jibge itacen girki a kai, tsaunuka masu ƙanƙara suna tsaye a hagu kamar ganuwa.

Manang yana wajen mita 3,500, kuma a nan ake hutun sabawa da tudu. Akwai asibitin ƙungiyar ceton nan a garin, kuma likitocinsa sukan yi wa matafiya bayani a kan ciwon tudu da rana, abin da nake roƙon kowa ya halarta. Daga Manang sai Yak Kharka a wajen mita 4,000, sai Thorong Phedi a wajen 4,500, washegari a haura. Ka ga ke nan dare biyu ne kawai a sama da mita 4,000, maimakon biyar, kuma wurin kwana mafi bisa ya yi ƙasa da Gorak Shep da fiye da mita 600. Akwai wani masauki a sama da Phedi da ake kira High Camp, wanda wasu suke kwana a ciki don rage aikin gobe. Ban ba ka shawarar kwana a can ba, gara wahalar sa'a guda da asuba da daren da jiki bai shirya masa ba.

Sai dai duk wahalar wannan hanya an tara ta ne a rana ɗaya. Mun tashi da ƙarfe huɗu na asuba, sanyi ya yi ƙasa da sifili nesa ba kusa ba, fitilun goshi sun yi jerin gwano a jikin dutse kamar tururuwa. Hawan kusan mita 900 ne, kuma a ƙarshensa sai na riƙa ƙirga taku ashirin in tsaya in numfasa. A kan mashigar akwai ɗan shagon shayi da tarin tutoci masu launi da iska take kaɗawa, amma ba wurin zama ba ne, domin iska tana ƙara ƙarfi kafin tsakar rana. Daga nan sai gangarar mita 1,600 zuwa Muktinath a yini guda, kuma ita ce ta fi ba ni wuya, har sai da na kwana uku ina jin ta a gwiwa.

Haɗarin wannan tsari ba a jiki kaɗai yake ba, har a zuciya. Mutumin da ya yi kwana takwas yana tafiya, kayansa da motarsa da masaukinsa duk suna can ɗaya gefen, yana da wuya ya yarda ya juya ko da kansa yana sarawa ko sama ta haɗe. A watan Oktoban 2014, guguwar Hudhud da ta taso daga tekun Bengal ta zubar da dusar ƙanƙara mai yawa a yankin, aƙalla mutum 43 suka rasu, da yawansu a kusa da wannan mashiga, kuma a tsakiyar lokacin da ake ganin ya fi kowane kyau. Wanda zai bi wannan hanya dole ya ƙulla da kansa tun daga gida cewa idan ɗan jagora ya ce yau ba a haurawa, to an gama magana.

Abu na biyu shi ne titin mota. Yanzu mota tana zuwa har Manang ta gabas, har Muktinath ta yamma. Wannan ya rage wa hanyar armashi, domin a wasu wurare mai tafiya yana shan ƙurar motoci, ko da yake an fitar da hanyoyin ƙafa na gefe, kuma wadda ta bi ta ƙauyukan Ghyaru da Ngawal ba ta da na biyu a kyau. Titin rahama ne ga mara lafiya, tarko ne kuma ga mai gaggawa. A Manang na ga wani saurayi da mota ta kawo shi daga Besisahar cikin yini guda, ya ƙara gaba washegari ba hutu. Kwana biyu bayan haka aka dawo da shi a kan doki, leɓɓansa sun yi toka-toka, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana busa ruwa da tsinke. Motar da ta kai shi cikin matsala ita ce ta sauko da shi da dare, ya rayu.

Shawarata a kan kwana 18

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Babu jirgi kai tsaye daga Kano zuwa Katmandu, sai an yada zango, don haka ka cire kwana biyu na zuwa da biyu na dawowa, saura 14. Ka cire kwana guda na shiri da karɓar takardun izini a Katmandu, saura 13. Hanyar Everest tana cin 12, ya rage maka kwana ɗaya tak, alhali jirgin Lukla kaɗai yana iya cinye fiye da haka a zuwa ko a dawowa. Abin da yake faruwa a irin wannan matsi na sani: idan jirgi ya yi latti, ranar hutun Namche ko ta Dingboche ake yankewa don a cike giɓi, wato a sayar da lafiya a sayi lokaci.

A Annapurna kuwa, idan mota ta sauke ka a wajen Dharapani, ƙasa da mita 2,000, ka taka zuwa Chame, da Pisang ta sama, da Ngawal, ka yi dare biyu a Manang, sannan Yak Kharka da Phedi, za ka sauka Muktinath a rana ta tara. Mota ta kai ka birnin Pokhara a ta goma, ka isa Katmandu a ta sha ɗaya. Kana da kwana biyu a hannu, waɗanda za ka kashe a ƙarin hutu idan kai ya yi ciwo, ko a jiran yanayi a gindin mashiga. Gaskiya ne wannan ba cikakken zagaye ba ne, rabinsa ne mafi kyau, kuma za ka bar garin Marpha mai tuffa da maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tatopani sai dai ka hange su ta tagar mota. Duk da haka, ga mutumin da bai taɓa kwana a tudu ba, mai hawan jini, mai kwana 18, Annapurna nake zaɓa maka, saboda tana farawa daga ƙasa, dararenta na sama kaɗan ne, kuma ba ta rataye a kan jirgin da hazo yake hanawa tashi ba.

Game da lokaci, Oktoba da Nuwamba sun fi sarari da kwanciyar yanayi, sai Maris zuwa Mayu. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ƙanƙara takan rufe mashigar. Kada tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, domin ƙishirwa a tudu ba abin wasa ba ce.

Shirin da ya shafe mu musamman

Ka fara da biza, domin a nan mutanenmu suke tuntuɓe. Nepal tana ba 'yan yawancin ƙasashe biza a filin jirgi, amma Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka cire daga wannan sauƙi, sai an samo ta daga ofishin jakadancinsu kafin a tashi, kuma ba su da ofishin jakadanci a nan ƙasar. Ka ba wannan watanni, kada ka biya kuɗin jirgi kafin ta fito. Hukumomin Nepal sun sanar da cewa tun daga Afrilun 2023 baƙo sai da ɗan jagora mai lasisi a yawancin hanyoyin, kuma ko ba doka ni zan ce ka ɗauka, ka haɗa da ɗan dako, ka kuma tabbatar shi ma yana da rigar sanyi da takalmi na kirki. Inshorarka ta faɗa a rubuce cewa ta ƙunshi tudun mita 6,000 da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Ana dumama ɗakin cin abinci ne kawai da murhu, ɗakunan kwana kuwa allo ne da katifa. Babbar rigar sanyi da bargon nan mai kama da buhu da ake shiga ciki ana hayarsu a unguwar Thamel ta Katmandu, amma takalmi ka saye shi tun yanzu, ko a wajen 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ne idan ka dace da mai kyau, ka yi wata biyu kana tafiya da shi don kada ya yi maka bororo a hanya. Tattakinka na safe ka ƙara masa matakalar Dala ko Goron Dutse, da jaka mai kilo shida ko bakwai a baya, a hau a sauka sau da yawa, ka fi mai da hankali ga saukar saboda gwiwa.

Abinci kuwa, shinkafa da miyar wake da ganye, wadda suke kira dal bhat, ita ce abin dogaro, ana ƙara wa mutum har ya ƙoshi. Nama ka bar shi gaba ɗaya, domin ba ka san yankansa ba, kuma sau da yawa ya yi kwanaki a hanya ba sanyaya. Ka tafi da dabino da gyaɗa. Alƙibla a can yamma take, ba gabas ba kamar yadda muka saba, kuma za ka buƙaci sanin hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi da taimama a ranar da ruwa ya daskare. Wannan fagen malamai ne, ka zauna da malaminka kafin ka tashi.

Maganin hawan jininka kada ka tsallake ko rana ɗaya, ka raba shi jaka biyu, ka tafi da na'urar awo. Akwai maganin acetazolamide da yake taimaka wa jiki saurin sabawa da tudu, ana shan miligiram 125 sau biyu a rana, yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu. Ba na so ka saye shi da kanka, domin idan cikin magungunanka akwai mai sa fitsari, haɗa su yana buƙatar lissafin likitan da ya san ka. Maganin barci kuwa ka nisance shi a tudu.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, Alhaji, domin ban auna ka ba, kuma babu gwajin da ake yi a Kano da zai nuna tabbas wa tudu zai kayar da wa zai ƙyale. Abubuwa uku za su sauya amsata. Idan gwiwarka tana damunka, gangarar Muktinath za ta cutar da kai, Everest ta fi maka sauƙi ta wannan fuska. Idan ka iya ƙara kwanakinka zuwa 22, kuma Everest ce zuciyarka ta daɗe tana kira, ka je, da sharaɗin dare biyu a Namche da biyu a Dingboche ba ragi. Idan kuma gwaji ya nuna AS, sai mu koma maganar hanyoyin da ba su kai wannan bisa ba, irin ta Poon Hill mai mita 3,210 a wannan yanki na Annapurna, ita ma bayan likitan jini ya duba ka. Ka yi gwajin genotype da na zuciya da na ƙoda, ka rubuta awon jininka safe da yamma na mako biyu, ka aiko mini da sunayen magungunanka, sai mu jera kwanakin tafiyar ɗaya bayan ɗaya.